Sha Ɗaya Cif-cif

Shekara talatin da ɗaya Baba Cif-cif ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta, kuma bai taɓa barin ɗan kowa a baya ba. Idan ka zauna da shi minti biyar zai faɗa maka wannan, idan ka kai minti goma zai sake faɗa maka, ko ka manta. Sunan ma a nan ya samo shi. Kafin ya tada mota sai ya bi kujeru daga gaba zuwa baya yana taɓa kan kowane yaro da ɗan yatsa, in lissafi ya cika ya bugi jikin mota ya ce, "Cif-cif!" Yaran da ya ɗauka sun girma sun haifi nasu, amma da wuya ka sami wanda ya san sunansa na gaskiya.

Da ya yi ritaya makarantar ta bar masa tsohuwar bas ɗin, iyalinsa kuma suka gaji dokokin. Ba a magana ana ƙirga. Kowa ya koma kujerar da ya zo a kai. Wayar direba a kashe take har a isa, ta fasinja kuma a rufe mata baki. Kujerar gaba, wadda ke kusa da shi, ta fulas ɗin shayinsa ce, har bel yake ɗaura masa. Matarsa kuwa, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na asibiti, wurinta ƙuryar baya ce ta hagu, wai a nan ne nauyi ya fi daidaita mota. Shekararsu talatin da huɗu da aure. Sau ɗaya ta taɓa yin ƙorafi, ya yi mata bayanin tayoyi na rabin awa, ba ta ƙara ba.

A daren hutun ƙarshen shekara dangi suka taru a gidan yayansa, can ɗaya gefen gari. Mutum goma sha ɗaya ya kawo: Nas, da 'yarsu Auta, da babban ɗansu da matarsa da yaransu huɗu, sai ƙanwarsa da ake kira Gwaggo da jikokinta biyu. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, maƙwabta sun shigo, lasifika tana neman fasa kunnen jama'a. An ci kaza, an yanka kek, har Gwaggo mai ciwon baya sai da ta taka rawa.

Baba Cif-cif bai ci ba, bai taka ba. Cikakken ciki barci yake kawowa, in ji shi, kuma a irin wannan dare rabin direbobin gari ba a hayyacinsu suke ba. Ya zauna a bakin bas da fulas ɗinsa kamar mai gadin banki. Wajen sha biyu saura, yana durƙushe da tocila a baki yana duba iskar tayar baya karo na uku, Nas ta zo ta tsaya a kansa riƙe da hannun wata tsohuwa.

"Baban Auta, ga mahaifiyar maƙwabcin Yaya, ƙarar nan ta dame ta. Zan kwantar da ita a kujerata ta ɗan huta. Ka tashe ta kafin mu tafi."

"To, to," in ji shi, tocila a baki, ido a kan taya.

Duk wadda ta zauna da namiji ta san wannan "to, to" ɗin. Sauti ne kawai, babu kunne a bayansa. Nas ta shigar da tsohuwar, ta lulluɓe ta da mayafinta na ulu mai ruwan ƙasa, ta ajiye jakarta a gefe, ta koma cikin taro.

Sha biyu na bugawa aka fara wasan wuta. Sama ta cika da tartsatsi, yara suna ihu, sai wani saurayi mai rawar kai ya riƙe abin har ya tashi a hannunsa. Aka shiga kiran Nas. Ta ja shi cikin gida tana faɗa tana neman ruwan sanyi da bandeji.

A daidai lokacin Baba Cif-cif ya duba agogo. Ya san nan da rabin awa titi zai cika da mahaukata, saboda haka ya danna hon sau uku. Iyalinsa sun san wannan hon kamar yadda suka san sunayensu. Suka fito suna jan yara masu magagi, kowa ya faɗa kujerarsa. Fitilar cikin bas ta daɗe da mutuwa, shi kuma bai ga dalilin gyara ta ba, tunda ɗan yatsa ba ya buƙatar haske. Ya fara daga gaba.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

"Baba," in ji Auta, "Umma fa tana..."

"Ba a magana ana ƙirga! Kin ga kin rikita ni. Ɗaya. Biyu."

Auta ta ja bakinta ta yi shiru. Ya bi kawuna har ya kai ƙuryar baya, ya dungure kan da ke cikin mayafi mai ruwan ƙasa.

"Sha ɗaya. Cif-cif!"

Auta ta waiga ta ga mayafin uwarta a inda ya saba zama, ta ce a ranta ashe ta riga ta shigo. Ta jingina kai da taga, ta bi sauran zuwa barci.

Hanya ta yi yadda ya faɗa. Wata ƙaramar mota ta wuce su tana tangaɗi, samari sun fito da rabin jikinsu ta taga suna waƙa. Wani mai babur ya ɗauko mutum huɗu da lasifika. Baba Cif-cif ya kama gefensa, bai wuce arba'in ba, yana yi wa kowa tsaki ɗaya bayan ɗaya. A babban shataletale 'yan sanda sun kafa shinge suna shinshina bakin direbobi. Wani kofur ya haska shi, sai ya sauke tocilar ya washe baki.

"Baba Cif-cif! Ba ka gane ni ba? Kujera ta uku, kusa da taga, mai yawan amai!"

"Na gane ka. Ka daina?"

"Na daina, Baba." Kofur ya juya ga abokan aikinsa. "Ku buɗe masa. Wannan bawan Allah shekara shida yana kai ni makaranta, bai taɓa barin kowa a baya ba."

"Talatin da ɗaya," in ji Baba Cif-cif, ya wuce kansa na neman taɓa rufin mota.

Ya sauke Gwaggo da jikokinta, ya ce saura takwas. Ya sauke ɗansa da iyalinsa, sai da ya ga sun kulle ƙofa, ya ce saura biyu. Bas ta yi shiru, daɗi ya cika shi, ya dubi madubi ya hango mayafin a ƙurya, sai hira ta zo masa.

"Nas, kin ga kazar matar Yaya? Daga nesa ma na san ba ta dahu ba."

Shiru. Da a ce wani daren ne da ta ce masa wanda bai ci ba ba shi da ta cewa.

"Kuma rumfar nan a karkace aka kafa ta. Ni da aka tambaye ni..."

Shiru dai. Baba Cif-cif ya ji wani sanyi a ransa. Shekara talatin da huɗu, yau ce rana ta farko da matarsa ta yarda da shi sau biyu a jere. Ya ga dare ya yi kyau, shekara sabuwa ce, zuciyar Nas kuma ta yi laushi, to bari ya sauke wani kaya da ya daɗe yana ɗauke da shi.

"Nas, tunda Auta ta yi barci. Kwanon tangaran ɗin nan da marigayiya mahaifiyarki ta ba ki, wanda ya fashe shekara tara da suka wuce. Ba kyanwa ba ce. Ni ne. Notocin mota nake wankewa a ciki ya suɓuce." Ya sake duban madubi. "Na san kin kyautar da kyanwar saboda haka. Har yau ina tuna yadda ta kalle ni."

Daga baya aka ja wani dogon numfashi mai kama da minshari. Nas ba ta minshari, amma ya ɗauka gajiya ce. Ya ji wasai kamar wanda ya yi wanka.

A ƙofar gida ya kashe mota, ya tashi Auta ta je ta buɗe ƙofa, shi kuma ya bi ta tsakanin kujeru har baya. Ya sassauta murya yadda bai yi ba tun suna amarci.

"Nas, mun iso lafiya."

Ya ɗaga gefen mayafin ya haska. Wata fuska mai tamoji, babu haƙori ko ɗaya a sama, ta buɗe ido ta dube shi. Shi ya fara ihu, ita ta biyo baya, sannan sanda ta sauka a kafaɗarsa.

"Ɓarawo! Jama'a, an sace ni!"

"Iya, tsaya! Wace ce ke? Ina matata?"

"Ni ka ba ajiyarta? Ɗan nan, ina ka kawo ni?"

Auta ta dawo a guje, ta dubi tsohuwar, ta dubi jakar uwarta a kan kujera, ta dubi ubanta.

"Baba, abin da nake son faɗa maka ke nan. Umma tana cikin gidan Kawu tana ɗaure wa wani hannu."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ba a magana ana ƙirga."

Ya zauna a kujerar yara. Can ƙasan ƙwaƙwalwarsa wata murya ta taso, daga saman taya, tana cewa a tashe ta kafin a tafi. Ya kunna wayarsa. Kira ashirin da uku, duka na yayansa. Kafin ya danna, na ashirin da huɗu ya shigo.

"Kai wane irin mutum ne?" in ji yayan, ko gaisuwa babu. "Maƙwabcina ya tada unguwa, har cikin kwalbati an leƙa ana neman uwarsa, sai da matarka ta fito ta ce a daina wahala, tana bas ɗinka. Ita kuma ga ta nan zaune a waje. Mota uku aka ba ta, ta ƙi. Ta ce wanda ya kawo ta shi zai mayar da ita, kuma in ƙarfe biyu ta buga bai zo ba za ta taka da ƙafa."

"Yaya, ka riƙe ta!"

"Ni? Ka taɓa ganin wanda ya riƙe ta?"

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Ya bar Auta a gida, ya ce wa tsohuwa ta zauna za su koma. Ta ce ba za ta sake zama a wannan ƙurya ba, ko kaya ba a ajiye su a nan, duk ramin titi a ƙashin bayanta ya ƙare. Kafin ya yi magana ta dogara sanda ta zo gaba, ta kwance bel, ta miƙa masa fulas ɗin.

"Iya, nan wurin..."

"Wurin wa?"

Ya sa fulas tsakanin ƙafafunsa, ya tada mota. A karo na farko a rayuwarsa allurar gudu ta taɓa hamsin.

Tsohuwar ta gyara zama, barci ya sake ta sarai. Ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Kai ne mijin yarinyar nan mai kirki? Allah sarki. Wane irin kaya ta sa yau?"

"Kaya dai... na mata."

"Wace kala?"

Ya san iskar kowace taya, ya san man da ya rage a tanki, ya san an zo mutum sha ɗaya. Tun safe Nas take gabansa, ta ba shi shayi, ta guge masa riga, ta tsaya a kansa a bakin mota, amma ko da wuƙa a wuya ba zai iya faɗin kalar rigarta ba.

"Ni da idona ɗaya ya tafi na gani," in ji tsohuwar. "Ba zan faɗa maka ba. Kuma maganar kyanwa ma na ji."

"Ashe ba barci kike ba?"

"Ina yi ina tashi. Na zaci rediyo ne. Na ce kai, wannan mutumin na cikin rediyo ba shi da tsoron Allah."

A shataletale kofur ya sake tare su, ya leƙo da murna.

"Baba, lafiya ka dawo? An manta wani abu?"

Baba Cif-cif ya so ya ce tukunya. Kalmar har ta zo bakinsa. Tsohuwa ta gyara riƙon sanda.

"Na bar mutum," ya ce, da ƙyar ake jinsa.

"Wa?"

"Matarsa!" in ji tsohuwar da ƙarfi, yadda har na bayan shinge suka ji. "Ya ɗauko ni a madadinta. Ka dube ni da kyau, ɗan sanda, mun yi kama?"

Kofur ya cije leɓe, kafaɗunsa suna rawa, ya ɗaga shinge da kansa. Shekara talatin da ɗaya suka tafi a wannan shataletalen, kuma abin mamaki, Baba Cif-cif bai tsaya jimaminsu ba, agogo yake kallo.

Gaba kaɗan da gada suka tarar da cunkoso. Ƙaramar motar nan ta samari masu waƙa ta hau kan dakalin titi ta rungumi sandar fitila, motar asibiti tana tsaye tana walƙiya. Wannan ita ce hanyar da mai tafiya a ƙafa zai biyo daga gidan yayansa. A gefen titi ya hango takalmin mace guda ɗaya a yashe. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba duk shekarun da ya yi yana ɗaukar 'ya'yan mutane. Ya tsaya ya fita ya ɗauki takalmin yana jujjuya shi, sai ya gane ko takalmin matarsa bai sani ba. Wani ma'aikacin asibiti ya ce masa babu wanda ya mutu, samari ne suka ƙuje, takalmin kuma na wata 'yar kallo ne da ta gudu. Ya koma mota idonsa ya kawo ruwa. Tsohuwar ta gani, ta kau da kai.

Biyu saura minti huɗu suka isa. An kashe lasifika, an tattara kujeru an ɗora su kan juna, titi duk takardun wasan wuta da kofunan roba. Kujera ɗaya ce ta rage a tsakiyar rumfa, Nas tana kai, ta harɗe hannu saboda sanyi. Yayansa da maƙwabcin da sauran waɗanda barci bai ɗauke ba suna tsaye daga gefe, a fili yake babu mai niyyar shiga gida kafin ya ga ƙarshen wannan.

Maƙwabcin ya rugo ya rungume uwarsa. Ta ture shi, ta ce ta sha iska ta ga gari, shi shekara nawa rabonsa da ya fita da ita. Ta yafa wa Nas mayafinta, ta dafa kafaɗarta.

"'Yata, Allah ya ba ki ladan haƙuri. In kun je gida ki tambaye shi labarin kyanwa."

"Na sani, Iya," in ji Nas. "Tun ranar na ga ɓaraguzan kwanon a cikin takalminsa. Kyanwar ma ƙanwata na kai wa, tana nan ta yi jikoki."

Baba Cif-cif ya matso, fulas a hannu, don ya rasa inda zai ajiye shi. Duk jawabin da ya shirya a hanya ya gudu.

"Nas..."

"Ka ƙirga kafin ka tafi?"

"Na ƙirga."

"Nawa ka samu?"

"Sha ɗaya."

"Ya cika?"

"Ya cika."

"To me ka dawo nema?"

Masu kallo da suka shirya dariya suka haɗiye ta. Ba da faɗa ta yi tambayar ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya tsaya yana kallonta, kallo na sosai, har ta fara tsarguwa. Ya ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali, ya ga ɗigon maganin ciwo a yatsunta, ya ga 'yan kunnen da ya saya mata shekarar da aka haifi Auta.

"Ke," ya ce. "Lissafin ne ya cika, motar ba ta cika ba."

Ya ajiye fulas a ƙasa, ya je ya buɗe ƙofar gaba, ya kakkaɓe kujerar da hularsa. Nas ta dubi kujerar, ta dube shi.

"Nauyin mota fa?"

"Ta karkace."

Ta shiga. Shi da kansa ya ɗaura mata bel, ya zagaya ya zauna, ya sa makulli.

"Ba za ka ƙirga ba?"

Ya kunna tocila ya haska ta daga kafaɗa zuwa gwiwa, ya gyara murya kamar mai ba da shaida a kotu.

"Koriyar riga. Ta yi miki kyau."

"Shuɗiya ce."

"Tocilar ce ta yi sanyi."

"Shuɗiya ce, Baban Auta. Shekara uku ina sa ta." Ta juya fuska wajen taga don kada ya ga bakinta yana motsi. "Amma dai ka duba. Tada mota, ina jin barci."

Suka kama hanya, bai wuce arba'in ba. Sun wuce gada, sun wuce shataletale inda kofur ya ƙame ya sara wa kujerar gaba, sai Nas ta ɗago kai.

"Ka san ka bar fulas ɗinka a ƙofar gidan Yaya?"

Ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta. Ya dubi madubi, ya ga kujeru babu kowa har ƙuryar baya. Ya dubi gefensa. Sai ya ɗauke ƙafar, ya ci gaba da tuƙi har gida.